Daren da Muka Juya Faifan Alhaji

Kaset ɗin MiniDV guda yana ɗaukar hoton awa ɗaya, kuma idan aka zuba shi a kwamfuta yakan ci wajen giga 13. Shi kuwa tsarin ajiyar da ake kira FAT32 ba ya barin fayil guda ya cika giga 4. A nan gizo yake saƙar. Kana cikin zuba hoto lafiya lau, da an kai wajen minti 18 sai aiki ya tsaya, fayil ya cika. A tsakanin waɗannan lambobi biyu, 13 da 4, muke neman abincinmu a 2004, a wani ɗan shagon tace hoton biki da ke wani lungu bayan titin Gidan Zu a Kano.

Titin a lokacin na 'yan fim ne. Ofisoshinsu da ɗakunan haɗa waƙa suna jere a benaye, duk inda ka bi sautin fiyano ke tashi, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai kuma suna can suna jiran kaset. Mu ba mu kai nan ba. Namu biki ne da suna da saukar karatu, sai jefi-jefi naɗin sarauta. Kwamfuta biyu muke da su, dukansu tokumbo ne da aka sayo daga Ikeja. Babbar tana da Windows XP, a kanta nake tace hoto da Adobe Premiere. Ƙaramar tana da Windows 98, a kanta wani yaro yake zana bangon kaset da katin gayyata da CorelDRAW. A cikin babbar akwai faifan ajiya biyu, ɗaya na manhaja, ɗaya mai giga 80 na aikin mutane. Wannan na biyun shi ne dukiyar shagon, kuma FAT32 ne.

Wanda ya haɗa mana injinan dattijo ne, kowa Injiniya yake ce masa. Da gyaran rediyo da talbijin ya fara a Sabon Gari, ya koma kwamfuta tun ana buga umarni da hannu a kan baƙin allo. A aljihun gaban rigarsa kullum akwai disket ɗin tayar da Windows 98, a naɗe cikin leda saboda ƙura. Da shi ya tsara mana faifan, don Windows XP ba ya yarda ya yi fomatin FAT32 a kan abin da ya haura giga 32, ko da yake yana karanta shi idan wani ya yi. Injiniya ya san haka sarai. Da gangan ya kewaye.

Ni kuwa na gaji. Kowane kaset sai na yanka shi gida huɗu wajen zubawa, in tsaya da agogo a hannu, in dakatar kafin fayil ya cika, in ɗan mayar da kaset baya, in ci gaba. A wajen haɗi sai in bi a hankali kada kalmar maroƙi ta maimaita kanta ko hannun mai liƙi ya yi tsalle. Idan aka gama tacewa kuma ana son a fitar da bikin gaba ɗaya a fayil guda, injin zai kwana yana aiki ya tsaya a kan giga 4. Ga matsalar wuta. Duk ranar da aka ɗauke ta muna cikin rubutu a faifai, kwamfuta na tashi sai ta hau bincike, ta tara mana wata folda mai suna FOUND.000 cike da guntaye, FILE0000.CHK, FILE0001.CHK, haka har ƙasa. Waɗannan guntayen hoton wani ne, amma ba mai iya cewa na wa.

Dalilin duk wannan yana cikin yadda aka gina tsarin. Ka ɗauki faifai a matsayin sito irin na Dawanau, fayiloli su ne buhuna, tsarin ajiya kuma shi ne littafin magatakarda. Littafin FAT tsoho ne, asalinsa tun 1977, lokacin da ake ajiya a kan disket. An faɗaɗa shi sau da dama har aka kai FAT32 a 1996, amma salon rubutunsa bai canza ba: kowane gurbi yana nuna gurbin da ke binsa, kamar sarƙa, har a kai ƙarshen kayan mutum. Gidan da ake rubuta girman fayil kuma ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 4,294,967,295. Idan fitila ta mutu magatakarda yana tsakiyar rubutu, buhunan suna nan a sito, sai dai sarƙar ta tsinke, babu sunan mai su. NTFS, wanda ya fito da Windows NT a 1993, wani irin magatakarda ne. Kowane fayil yana da shafinsa a babban kundi, kuma kafin ya taɓa kundin sai ya fara rubuta abin da yake niyyar yi a wata 'yar takarda ta gefe. Idan wuta ta dawo ya duba takardar, ya ƙarasa abin da ya fara ko ya soke shi. Wannan ba ya ceto hoton da ake cikin zubawa lokacin da wuta ta tafi, amma yana hana littafin kansa rikicewa.

Gab da azumin shekarar bukukuwa suka yi mana rubdugu, kamar yadda aka saba, kowa yana so ya kai 'yarsa ɗaki kafin a ga wata. Wata Hajiya ta kawo aikin bikin 'yarta, kamu da yini da dina, ta ce ita ba ta son yanke-yanke, za a aika wa dangin ango a Jidda. Na samu Alhaji mai shago na ce masa akwai umarni guda a cikin XP da zai juya faifan zuwa NTFS ba tare da an goge komai ba. Ya ce a kira Injiniya.

Injiniya ya zo bayan la'asar, ya saurare ni har na gama, sannan ya zaro disket ɗinsa ya ɗora a kan tebur.

"Alhaji, Allah ya ja kwana, yaron nan gaskiya ya faɗa, umarnin yana nan. Amma ka tambaye shi umarnin dawowa."

Alhaji ya dube ni. Na ce babu.

"To ka ji. Shiga ce ba fita. In ka ga ba ta yi maka ba, sai fomatin, komai ya tafi. Na biyu, yau in Windows ta mutu, ko ƙwayar cuta ta cinye ta, da wannan ɗan abin nake tayar da injin in kwashe maka kayanka kafin a sha ruwa. Ranar da kuka juya shi, disket ɗin nan ya makance, ko harafin faifan ba zai gani ba. Da tsohuwar zuma ake magani, Alhaji."

Na ce, "Baba Injiniya, zumar ce ke tara mana FOUND.000."

Ya yi dariya, ya ce FAT kwafi biyu na littafinsa yake ajiyewa, kuma shi ya san inda kowanne yake, ya sha gyara su da hannu. Wannan ma gaskiya ne. A ranar na ɗauka tsoron sabon abu ne kawai irin na dattijai. Yanzu ina ganin lissafinsa daidai yake da irin aikinsa. Ni ina tunanin kowace ranar aiki, shi yana tunanin ranar da komai ya lalace, don a ranar kaɗai ake kiransa.

Alhaji ɗan kasuwa ne, abin da ya ji shi ne Jidda. Ya ce a juya. Injiniya ya ce ya amince bisa sharaɗi, a fara kwafe komai zuwa wani wuri. Sai aka yi shiru, don babu wani wurin. Faifai na biyu mai girman haka kuɗi ne da Alhaji bai shirya fitarwa ba, faifan CD kuma mega 700 yake ɗauka, ko rubu'in fayil ɗinmu guda ba zai shiga ba. Alhaji ya ce ai kaset ɗin asali suna nan, in abu ya ɓaci a sake zubawa. Mai ɗaukar hoto, wanda tun ɗazu yake rakuɓe a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya. Kaset biyu na bikin Hajiya, na kamu da na dina, an riga an sake ɗaukar wani suna a kansu. Haka ake yi a yawancin shagunan a lokacin, kaset yana da tsada, da an zuba shi a kwamfuta sai ya koma cikin kyamara. Ke nan hoton amarya da ƙawayenta a ranar kamu ba ya ko'ina a duniya sai cikin faifan da muke shirin taɓawa.

Injiniya ya ce a sayo sababbin kaset biyu a mayar da hoton a kansu ta wayar FireWire, yadda aka zubo shi. Alhaji ya yi ƙorafi, ya lissafa, ya ce a sayo ɗaya. Aka zaɓi kamu, don dina an ce wani ɗan'uwan ango ma ya ɗauka da tasa kyamarar. Muka zauna awa guda cur muna kallon mata suna rangaɗa guɗa a ɗan allon kyamara har kaset ya cika. Fayilolin aikin tacewa, da yake ƙanana ne, na ƙona su a CD.

Bayan isha'i muka fara. Akwai wutar gari a lokacin, amma Injiniya ya ce ba ya ɗora irin wannan aiki a kan wutar da ba shi ke riƙe da makunninta ba, aka tayar da ƙaramin janaretan shago aka cika shi da mai. Na buɗe baƙin allo na rubuta:

convert D: /fs:ntfs

Ya nemi in rubuta sunan faifan, don ya tabbatar ba kuskuren harafi na yi ba. Na rubuta. Ya bi fayiloli da foldoji yana dubawa, ya lissafa wurin da yake bukata, sannan ya ce wurin da ya rage bai isa ba, ya tsaya. Faifan cike yake maƙil, kamar kowane faifan mai tace hoto. Na share tarkacen da Premiere ke tarawa na gwajin kallo, na sake bugawa. Wannan karon ya wuce lissafi, ya rubuta cewa yana juya tsarin. Ba ya nuna kashi nawa ya yi, ba ya nuna saura nawa. Layi ɗaya ne kawai, da ɗan jan fitilar faifai tana ƙiftawa.

Janaretan nan ba mu kaɗai ke sha ba. Akwai tela a shagon da ke jikin namu, an ja masa waya saboda ƙwan fitila da fanka, yana ba da kuɗin mai. Shi ma azumi ya taso masa da ɗinkin biki. A daidai lokacin aka ɗauke wutar gari, ya ga unguwa ta yi duhu, ya zare dutsen gugarsa daga can ya jona a layinmu. Inji ya yi wani gurnani, fitila ta yi ja, ya mutu. Na'urar UPS ta hau kuka. Batirinta ya daɗe da tsufa, kowa ya sani, kullum ana cewa za a canza. Yaron CorelDRAW ya fita a guje da tocila, muna jin yana fizgar igiyar inji, sau ɗaya, sau biyu, kafin na uku allo ya mutu.

Alhaji ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya zauna a kan benci. Ba wanda ya ƙara magana. Na tuna warin fetur da zafin ɗakin, da gumin da ya karyo mini har cikin ido. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Injiniya bai ce ai na faɗa muku ba. Ya fita da kansa, muka ji yana cewa tela, "Malam, don Allah a ɗan ɗaga mana gugar nan zuwa anjima," cikin murya irin ta mai neman alfarma. Aka tayar da inji. Ya dawo ya ce kada in taɓa komai, shi zai kunna.

Windows ta tashi, da yake tana kan ɗaya faifan. Ya buɗe, ga D: yana nan. Ya duba bayaninsa: FAT32, kamar ba a taɓa shi ba. Ya sa aka yi masa bincike, bai samu ɓaraka ba. Na buɗe dinar Hajiya, ga ango yana yanka kek. Alhaji ya tashi ya leƙa, ya koma ya zauna, ya ce a ba shi ruwa.

Sai daga baya na karanta bayanin da kamfanin Microsoft ya fitar a kan yadda umarnin yake aiki, na fahimci abin da ya cece mu. Ba ya ɗaga buhunan, in ban da 'yan kaɗan da ke zaune a inda sabon tsari yake bukata. Sabon kundin gaba ɗaya a cikin wurin da ba kowa yake rubuta shi, shi ya sa yake neman sarari kafin ya fara, kuma duk tsawon lokacin tsohon littafin yana nan yana aiki. Abu na ƙarshe da yake yi shi ne sauya ɗan rubutun da ke farkon faifai, wanda ke shaida wa kwamfuta wane tsari ne a ciki. Muddin bai kai nan ba, faifan FAT ne cikakke. Wanda ya tsara wannan ya yi tunanin mutane irinmu, ko da bai taɓa jin sunan Kano ba. Duk da haka ba zan ce wa kowa ya dogara da shi ba. Faifan da wuta ta yanke masa yana tsakiyar rubutu yana iya samun lahani ta wata hanyar da ba ruwanta da dabarar manhaja, kuma sharaɗin Injiniya na a fara kwafewa yana nan daram.

Na zaci a nan zai ce a haƙura. Sai ya ja kujera ya ce, "Sake bugawa, ɗana. Abin da ya sha wannan bai mutu ba, ina so in ga ƙarshensa." Ya tura yaro ya tsaya a ƙofar tela. Na sake rubuta umarnin. Bai kai minti goma ba ya ce an gama. Washegari na zuba kaset guda tun daga farko har ƙarshe ban tashi daga kujera ba, fayil ɗaya mai giga 13, na yi ta kallon lambar. Aikin Hajiya ya fita a dunƙule, aka kai mata kafin a ga wata.

A satin nan maganar Injiniya ta fara cika. Al'adarmu ita ce idan za a zana bangon kaset, sai a kwance faifan daga babbar kwamfuta, a sauya ɗan maɓallin da ke bayansa, a ɗaura shi a ƙaramar don a ɗebi hotunan amarya. Yaro ya yi yadda ya saba, ya zo ya ce faifai ya mutu. Bai mutu ba, Windows 98 ce ba ta san NTFS ba, ko alamar akwai shi ba ta nunawa. Injiniya ya zo da katin sadarwa biyu da 'yar waya da ya matse kawunanta da kansa, ya haɗa injinan biyu kai tsaye. Ta waya ƙaramar tana ganin komai, don babbar ce ke karanta faifan ta miƙo mata. Daga ranar muka daina kwance faifai, abin da ya kamata a ce mun daina tun tuni.

Shi ne kuma ya gano wani abu da ni ban lura ba. Ya sa aka binciki faifan, ya nuna mini wani layi can wajen ƙarshe: girman kowane gurbi bayit 512 ne, alhali NTFS da aka yi wa fomatin daga tushe a faifai irin wannan 4,096 yake bayarwa. Hakan yakan faru idan da kayan Windows 98 aka tsara faifan tun farko, iyakokin gurabensa ba su dace da na sabon tsari ba, sai umarnin ya koma mafi ƙanƙanta. Sakamakon shi ne fayiloli suna saurin warwatsuwa, faifai yana ƙara wahala. Bayan sallah, da aiki ya lafa aka sallami kowa, muka goge shi muka yi masa fomatin NTFS mai tsabta. Ra'ayina tun daga lokacin bai canza ba: juyawa hanyar wanda ba shi da faifai na biyu ce. Mai hali ya kwafe kayansa, ya goge, ya tsara sabo, ya mayar.

FAT32 dai bai tafi ko'ina ba. Yana cikin filashi da katin waya, rediyon mota da tsofaffin talbijin da yawa shi kaɗai suka sani, kuma har yau mutum yakan zo da filashi mai giga 16 babu komai a ciki yana mamakin yadda fim mai giga 5 ya ƙi shiga. Umarnin nan yana aiki har a Windows na yanzu. Kafin in buga wa kowa shi nakan tambaya a ina zai soka filashin.

Injiniya bai daɗe a makance ba. Shekara na zagayowa na gan shi da faifan CD na Knoppix, wani nau'in Linux da wani Bajamushe, Klaus Knopper, ya haɗa, wanda ke tayar da kwamfuta daga CD kuma yana karanta NTFS. Ya koma kwashe wa mutane kaya daga injinan da suka mutu kamar da. Amma akwai aikin da ya gagare shi, ina wurin aka kawo. Wani ɗalibi ne mai rubuta kundin digiri na biyu. Ya ga NTFS yana da wani zaɓi na kulle fayil, ya danna, sunayen fayilolinsa suka koma kore, ya ji daɗi. Da kwamfutarsa ta kamu da cuta sai wani mai gyara ya goge ɓangaren Windows ya sake zubawa, ya bar masa ɓangaren ajiya lafiya. Fayilolin suna nan, sunansu da girmansu daidai, amma makullin yana cikin abin da aka goge. Injiniya ya kwana biyu a kai, ya gwada duk abin da ya sani. Rana ta uku ya kira ɗalibin ya ce, "Malam, kayanka suna ciki, amma ni ba ni da hanyar shiga, kuma kada ka ba wani kuɗi a kan zai buɗe." Ya mayar masa da kuɗin da ya bayar na kafin alƙalami, ya tambaye shi ko malaminsa yana riƙe da babin da ya duba a takarda. Yana riƙe da uku daga cikin biyar. Yaron CorelDRAW ne ya sake buga masa su a ƙaramar kwamfutarmu, a kan farashin shafi.